Injiniyan da Ya Koma Nazarin Mutane: Rayuwa da Ayyukan Tom DeMarco

 



Gabatarwa

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga dacewar in tsaya a gabanku. Sun nemi in kawo tarihin wani masani a fannin manhajar kwamfuta wanda matasanmu za su amfana da rayuwarsa. Na zaɓi wani Ba'amurke mai suna Tom DeMarco. Na san da yawanku yau ne za ku fara jin sunansa, domin ba ya cikin attajiran da ake buga hotunansu a mujallu, kuma babu wani harshen kwamfuta da ake jingina masa. Injiniyan lantarki ne da ya shiga harkar manhaja tun tana jaririya, daga baya ya zama marubuci kuma mai gabatar da lacca a ƙasashe daban-daban.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi guda ɗaya ne. Mutum ne da aka horar a kan waya da lissafi da awo, amma aiki ya yi ta koya masa har ya gane cewa nasarar manhaja tana hannun mutanen da ke rubuta ta, da irin zaman da suke yi da juna. Da ya gane haka sai ya rubuta, ya koyar, kuma da ya ga kuskure a cikin abin da ya koyar a baya, ya fito fili ya gyara da kansa. A kan wannan tafiya tasa zan yi magana.

Tashinsa da aikin tarho

An haifi Tom DeMarco a ranar 20 ga Agusta, 1940, a garin Hazleton da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Ya yi digirinsa na farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Cornell, ya yi na biyu a Jami'ar Columbia, sannan ya sami difloma a Sorbonne ta birnin Faris.

A shekarar 1963 ya kama aiki da Bell Telephone Laboratories, wato cibiyar bincike ta kamfanin tarho na Amurka, inda ya shiga ayarin masu aikin wata na'ura da ake kira ESS-1. Bari in ɗan tsaya a nan, domin wannan na'ura ce ta juya akalar rayuwarsa. Kafin zuwanta, idan mutum ya buga lambar wani, ƙarafa ne masu motsi suke haɗa layinsa da na wancan a cikin ɗakin musayar layuka. Idan ana son a ƙara wa masu tarho wata sabuwar hidima, dole ma'aikata su zo su sake jan wayoyi. Ita kuwa sabuwar na'urar, kwamfuta aka sa mata a tsakiya, kuma umarnin da aka rubuta aka adana a cikinta shi ke yanke hukuncin inda kowane kira zai bi. An fara amfani da ita a garin Succasunna na jihar New Jersey a 1965. Burin da injiniyoyin suka sa wa kansu shi ne kada jimillar lokacin da na'urar za ta tsaya ta wuce awa 2 a cikin shekara 40.

Ku duba wannan ma'auni da kyau. A irin wannan makaranta matashin ya tashi, inda kowane abu yake da adadi, kuma ba a karɓar "ina tsammani" a matsayin amsa. A nan ne kuma ya ga da idonsa cewa nauyin aikin injiniya ya fara tashi daga kan ƙarfe yana komawa kan rubutaccen umarni.

Daga nan ya tsallaka Turai. Ya yi aiki da wani kamfanin Faransa mai ba da shawara a harkar kwamfuta, inda ya sa hannu a tsarin jigilar kaya na kasuwar La Villette ta Faris. A shekarun 1970 kuma ya yi aikin tsarin kwamfutocin bankuna a Suwidin da Holan da Faransa da Niyu Yok.

Matsalar zamaninsa

A wancan lokaci harkar manhaja tana cikin wani hali. Kwamfutoci suna ƙara ƙarfi kowace shekara, amma manyan ayyukan manhaja sai su wuce wa'adi, su cinye ninkin kuɗin da aka ware, wasu ma a yi watsi da su. Abin ya kai ga ƙungiyar tsaro ta NATO ta kira taron masana a garin Garmisch na Jamus a watan Oktoban 1968. A wannan taro ne aka tallata ra'ayin cewa a mayar da rubuta manhaja wani reshe na aikin injiniya, mai ƙa'idoji da tsari, kamar ginin gada ko madatsar ruwa. Wannan ra'ayi ya dace da tarbiyyar DeMarco, kuma shekarun da suka biyo baya ya zama ɗaya daga cikin masu ɗora masa tubali.

Zane kafin gini

A shekarun 1970 ya yi aiki tare da Edward Yourdon, wanda ke da kamfanin horar da ma'aikatan kwamfuta a Niyu Yok. A nan ya riƙa tsayuwa gaban aji yana koyar da manyan ma'aikata, kuma daga wannan koyarwa littafinsa na farko da ya yi suna ya fito a ƙarshen shekarun 1970, mai suna Structured Analysis and System Specification.

Ga matsalar da littafin ya zo ya warware. A da, idan banki ko ma'aikata tana son manhaja, sai a rubuta bayanin abin da ake buƙata a shafuka ɗaruruwa. Mai aikin ba ya iya karantawa, mai rubuta manhajar kuma ya fahimci abin da ba shi ake nufi ba. Sai an gama, an kashe kuɗi, sannan a gano an yi hannun riga. DeMarco ya ce a zana. Kowane aiki a yi masa da'ira, kowane bayani da ke tafiya a yi masa kibiya, kowace ma'ajiyar bayanai a yi mata layi. Ku ɗauki biyan kuɗin makaranta a matsayin misali. Ɗalibi ya kawo shaidar biya, kibiya ke nan. Akawu ya tantance ta, da'ira ke nan. An shigar da sunansa a rajista, ma'ajiya ke nan. Idan wata da'ira ta yi nauyi, sai a buɗe sabon shafi a farfasa ta zuwa ƙanana. A gefe kuma a ajiye ƙamus da ke fayyace ma'anar kowane bayani, domin kada kalma ɗaya ta zama tana da fassara biyu.

Amfanin wannan hanya shi ne akawun da bai taɓa taɓa kwamfuta ba zai iya duba zanen ya ce, "A'a, ba haka muke yi ba." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan zane har yau ana koyar da shi a jami'o'i da kwalejojin fasaha, kuma na tabbata akwai a cikinku waɗanda suka sa shi a kundin kammala karatunsu ba tare da sanin masu yaɗa shi ba.

A 1982 DeMarco ya fitar da wani littafin, Controlling Software Projects. Jigonsa shi ne shugaban aiki ba zai sami iko a kan aikinsa ba sai yana auna shi da alƙaluma: girman manhajar, yawan kurakurai, lokacin da aka ci, da kuɗin da suka fita. Jimlar da ya buɗe littafin da ita, mai ɗauke da wannan jigo, ta zama karatun da manajoji ke maimaitawa shekara da shekaru. Ku riƙe wannan littafi a zuciya, za mu dawo kansa.

Gasar da ta buɗe masa ido

A 1983 shi da abokansa, ciki har da Tim Lister da James Robertson da Suzanne Robertson, suka kafa ƙungiyar masu ba da shawara mai suna Atlantic Systems Guild. Tun 1977 shi da Lister suke tattara tarihin ayyukan manhaja, har suka tara sama da 500. Suka ga kusan kashi 15 cikin 100 na ayyukan sun mutu ba a amfana da su ba, a cikin manya-manyan kuwa kashi 25 cikin 100 ba a kammala su ba. Da suka bi diddigi, a mafi yawan waɗanda suka rushe babu wata matsalar fasaha da za a nuna da yatsa. Abin da ma'aikatan suka fi ambata shi ne siyasar ofis, wato rashin jituwa, da rashin fahimtar juna da masu aikin, da ficewar ƙwararru. Ruwa ba ya tsami banza.

Da yake injiniyoyi ne, sai suka ce a gwada. Daga 1984 zuwa 1986 suka gudanar da wata gasa wadda masu rubuta manhaja sama da 600 daga kamfanoni 92 suka shiga. Kamfanonin suna turo mutanensu bibbiyu. Ana ba kowa aiki iri ɗaya, ya yi shi a kan teburinsa na kullum, a lokacin aikinsa na kullum, yana rubuta lokacin da ya ci da abin da ya katse shi.

Sakamakon ya nuna gwanin gwanaye ya ninka na ƙarshe kusan sau 10, ya kuma ninka na tsakiya kusan sau biyu da rabi. Sai suka shiga neman dalili. Harshen kwamfutar da mutum ya yi amfani da shi bai yi wani tasiri a mafi yawan lokuta ba. Yawan shekarun aiki ma haka, in ban da wanda bai kai wata 6 da fara amfani da harshen ba. Albashi ma alaƙarsa da ƙwazo 'yar kaɗan ce. Abin da ya fito fili shi ne mutum biyun da suka fito daga kamfani ɗaya sakamakonsu yakan yi kusa da juna, bambancin da ke tsakaninsu a matsakaici kashi 21 ne cikin 100. Ma'ana, wasu wuraren aiki suna tara gwanaye suna kuma ba su damar nuna gwaninta, wasu kuwa suna danne kowa.

Da suka tambayi mahalarta yanayin ofisoshinsu, sai hoton ya cika. A cikin rukunin da ya fi ƙwazo, kashi 57 cikin 100 sun ce wurin aikinsu yana da shiru daidai gwargwado, a rukunin ƙarshe kuwa kashi 29 ne kawai. Kashi 62 na gwanayen sun ce suna da keɓantaccen wuri, a ɗaya ɓangaren kashi 19. Waɗanda suka ce ana yawan katse su ba gaira ba dalili, kashi 38 ne a cikin gwanaye, kashi 76 a cikin na ƙarshe.

Hikimar da ke ciki ita ce, aikin tunani yana buƙatar nutsuwa mai zurfi, kuma kafin mutum ya kai ga wannan zurfin yakan ɗauki kimanin minti 15. Kiran waya na minti 5 yakan cinye minti 20 ke nan, nasa biyar da sha biyar na komawa. Idan aka kira mutum sau goma sha biyu a yini, rabin yininsa ya tafi. Ni kaina na taɓa aiki a wani ofis inda mu shida muke ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe, masu gaisuwa suna shiga suna fita. Sai bayan la'asar, kowa ya watse, sannan nake iya rubuta abin kirki. A lokacin ina zargin kaina da lalaci. Da na karanta wannan bincike ne na fahimci inda matsalar take.

Waɗannan bayanai su ne ƙashin bayan littafin Peopleware, wanda DeMarco da Lister suka fitar a 1987, aka sake buga shi da ƙari a 1999 da 2013. Sunan kansa saƙo ne: mutane sun san ɓangaren ƙarfe na kwamfuta, sun san ɓangaren manhaja, to ga na uku da aka manta, ɓangaren mutane. Akwai waɗanda suka riga su taɓo batun, kamar Gerald Weinberg a 1971 da Fred Brooks a 1975, amma su sun zo da alƙaluman da manaja ba zai iya kawar da kai daga gare su ba. A ciki sun yi bayanin yadda ayarin ma'aikata yake haɗe kai har aikinsu ya fi jimillar abin da kowa zai yi shi kaɗai, suka kuma lissafa abubuwan da ke kashe irin wannan ayari: shugaban da bai yarda da mutanensa ba, yawan cike takardu, raba mutum ɗaya a ayyuka da yawa, wa'adin ƙarya, da tilasta wa ma'aikaci ya miƙa aikin da shi kansa ya san ba shi da inganci.

Alƙalamin da bai huta ba

Bayan wannan DeMarco ya ci gaba da rubutu ta salo daban-daban. A 1997 ya fitar da The Deadline, ƙagaggen labari ne na wani manaja mai suna Tompkins da aka sace aka kai wata ƙasa ta almara domin ya jagoranci ayyukan manhaja. Ya zuba darussan shugabanci a cikin labari saboda ya san labari ya fi zama a zuciya, abin da iyayenmu mata masu tatsuniya suka daɗe da sani.

A 2001 ya fitar da Slack, inda ya kawo misalin wasan nan na yara mai gida tara da 'ya'ya takwas, wanda ake turawa har a jera lambobi. Gidan da babu komai a cikinsa shi ke ba da damar motsi. Idan ka cike shi don kada a yi asarar fili, wasa ya ƙare. Haka ma'aikatar da ta cika wa kowa hannu daga safe har dare, ba ta da sararin koyo ko sauya hanya.

A 2003 shi da Lister suka rubuta Waltzing with Bears a kan shirya wa haɗari tun kafin ya auku. Sun yi nazarin filin jirgin saman Denver, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 1995 bayan jinkirin wata 16, aka kuma ɗora laifin a kan manhajar jigilar jakunkuna. Hujjarsu ita ce jinkirin manhaja abu ne da kowa ya san yana iya faruwa, don haka tun ran gini ya kamata a tanadi wata hanyar ɗaukar kaya. An karrama DeMarco da lambar yabo ta Warnier a 1986 da ta Stevens a 1999.

Ranar da malami ya gyara karatunsa

Yanzu mu koma kan littafin 1982. A tsakiyar shekarar 2009, yana dab da cika shekara 69, DeMarco ya rubuta gajeriyar maƙala a mujallar IEEE Software. A ciki ya tambayi kansa ko shawarar da ya bayar shekara 27 da suka wuce daidai ce a lokacinta, ko tana da amfani a yanzu, ko kuma har yanzu ya yarda da ita. Duka ukun ya amsa da a'a.

Ya kawo misalin ayyuka biyu. Kowanne zai ci kimanin dala miliyan 1. Na farko zai samar da amfanin dala miliyan 1.1, na biyu kuwa sama da dala miliyan 50. A na farko dole a ƙirga kowane kwabo, domin kuskure kaɗan zai mayar da riba asara. A na biyu ko kuɗin sun ɗan haura, babu abin da zai girgiza. Don haka idan ka ga ana tsananta ƙidaya a kan aiki, to wataƙila aikin ne tun asali ba shi da wani babban amfani, kuma tambayar da ta kamata ita ce me ya sa aka zaɓe shi. Ya ambaci Wikipedia da Google Earth a matsayin abubuwan da suka amfani duniya ba tare da an ɗaure masu yin su da irin wancan awo ba.

Jama'a, wannan shi ne wurin da ya fi taɓa ni a tarihin mutumin nan. Wancan littafi yana cikin abubuwan da suka gina sunansa, babu wanda ya tilasta masa, kuma da ya yi shiru da mutuncinsa zai ƙare rayuwarsa. Malamanmu na zaure sun san wannan ɗabi'a, sun kuma koya mana cewa komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure. Ba a rasa masana da suka ga ya wuce gona da iri a janyewar tasa ba, kuma ni ma ina ganin awo yana da muhallinsa, musamman a manhajar asibiti ko ta jirgin sama inda rai ke ciki. Amma gaskiyar da ya nuna abin koyi ce ga duk mai riƙe da alli.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, ku riƙe karatunku na lissafi da lantarki da kyau, domin da wannan horo ne DeMarco ya iya tabbatar da maganarsa da hujja. Amma ku haɗa da koyon sauraron mutane. Kafin ku rubuta layi ɗaya na manhaja, ku je ku zauna da mai kanti ko malamar asibiti ko akawun da zai yi amfani da ita, ku zana masa, ku bari ya gyara muku.

Shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni, ku ba ma'aikatanku sa'o'in da ba a shiga musu, ba a kiransu. Mu mutane ne masu zumunci da gaisuwa, kuma wannan alheri ne da ba za mu yar ba, sai dai a ware masa lokacinsa. Wannan gyara ba ya cin ko sisi.

'Yan'uwana injiniyoyi da malamai, mu rubuta abin da aiki ya koya mana. Dubban injiniyoyi sun yi aiki a Bell, amma waɗanda suka ɗauki alƙalami su ne ake karantawa a yau. Muna da ƙwararru da suka shekara ashirin suna gina manhajar bankuna da makarantu da asibitoci, kuma iliminsu yana nan a ƙirjinsu. Ku zuba shi a takarda, ku rubuta wani sashe da Hausa domin yaron da ke koyon wannan sana'a a wayarsa ya samu. Idan kuma wata rana kuka gano kuskure a cikin abin da kuka koyar, ku tara ɗalibanku ku faɗa musu da bakinku.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon aiki da shi.